Rasuwar Shafina Na Neman Aure, Wanda Ya Ƙi Mutuwa A Kan Lokaci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai sauka daga maƙogwarona ba, ni Hamisu mai gyaran injin ban-ruwa, a madadin kaina ni kaɗai tunda babu wanda ya yarda a sa sunansa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Madarunfa da kewaye rasuwar shafina na neman aure, wanda na buɗe a wata manhaja ta salula shekara huɗu da suka wuce. Ya cika ranar Alhamis da hantsi a garin Kankiya ta ƙasar Katsina, a tsakar gidan wata baiwar Allah da ba ta haɗa komai da shi ba, bayan jinyar sati uku wadda ni na sha wahalarta, shi kuwa ko ciwon kai bai yi ba. Ba zan kama sunan manhajar ba. Ba a zagin dangin mamaci a takardar rasuwa, kuma na san kaina, in na fara ba zan tsaya ba.

Duk wanda katin ɗaurin aurena da Rahama ta Safo ya isa hannunsa, to ya san abin da ya sa na nemi ran marigayin ido rufe. Auren nan ne a kan gaɓa, kuma marigayin ne ya kai shi can.

An haifi marigayin a bakin tafki, wata rana da nake zaune ina jiran a kawo mini ƙarfen wani inji daga Maraɗi. Ina da shekara talatin da shida a lokacin, ban taɓa aure ba, kuma yaran da aka yi sunansu a gabana sun fara kawo mini nasu katin. Kamar kowa a nan, layi biyu gare ni a salula, na Nijar da na Nijeriya wanda na saya a kasuwar Jibiya. Sai na yi dabara irin ta masu wayo. Na ce in na buɗe shafin da lambar gida wani ɗan gari zai gane ni, don haka na buɗe shi da ta Nijeriya. Da na gama ɓoye lambar tsaf, sai na rubuta sunana, da sunan mahaifina, da na kakana, da unguwarmu, har da kwatancen gida: mai ƙofar ƙarfe kore, daura da injin niƙa. A wurinmu mutumin da ya je neman mace ya ƙi faɗin asalinsa ba a ba shi ko tabarma, ni kuwa ban so matan duniya su ɗauke ni mutumin banza. Da aka ce in turo katin ɗan ƙasa don a manna mini alamar mai gaskiya, na ɗauki hotonsa gaba da baya, har na sake ɗauka saboda na farkon bai fito sosai ba. Sauran tambayoyin, sun kusa arba'in, na amsa su ina cin gyaɗa.

A shaidi marigayin da abin da yake da shi. Mai haƙuri ne, bai taɓa tambayata me nake jira har yanzu ba, abin da babu wata gwaggo tawa da za a yi wa wannan shaida. Mai fara'a ne, duk sa'ad da wata ta leƙa shi sai ya ce "ƙilin!" daga cikin aljihuna, ni kuma in saki sufana cikin laka in goge hannu a riga. In saƙo ne ya shigo, sai ya ninka, "ƙilin-ƙilin!" Akwai lokacin da babu muryar da nake so a duniya kamar wannan, kuma ba na jin kunyar faɗi. Ya haɗa ni da mata arba'in da uku. Cikinsu akwai wadda ta tambaye ni Madarunfa a wace jiha take, akwai wadda ta yi mini wa'azi wata biyu sannan ta auri wani, akwai kuma wata kyakkyawa ta Damagaram da muka yi nisa ƙwarai kafin ranar da ta manta ta ɗauki kira da muryarta ta gaskiya, muryar ƙato. Bai samo mini mata ba, amma ya sa na daina jin cewa duniya ta manta da ni. Babban halinsa shi ne riƙon amana: duk abin da ka ba shi ya riƙe, ko ka dawo kana kuka ba zai sake shi ba.

Rahama ba ta hannunsa ta zo ba. Na je Safo gyaran inji a lambun yayanta Ashiru, ta kawo abincin rana, ta tsaya tana kallon yadda na baje ƙarafa a ƙasa, ta ce in dai haka nake ajiye kaya a ɗakina to ta gane abin da ya sa ban yi aure ba. Bazawara ce, tela, tana da 'ya'ya mata biyu, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ranar da ta ce in turo manyana, na dawo gida na ɗora yatsa a kan manhajar har ta fara rawa, na cire ta daga salula, na yi wa marigayin fatan alheri. Na ɗauka na binne shi. Ashe allon shago kawai na cire, ƙofa na nan a buɗe, kaya na nan a jere. Wata goma sha ɗaya ina yawo da Rahama a raina, shi kuwa yana can yana gaya wa duk mai wucewa cewa Hamisu na Madarunfa yana neman mata.

Da aka sa rana, Ashiru ya yi bincike yadda ya kamata, kuma ban ga laifinsa ba. Ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi mai shayin tasha, ya bi masu lambun da na taɓa yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya. Duk na tsallake. Sai ƙanwar matarsa da ke karatu a Maraɗi ta ci karo da ni a manhajar, da hulata da murmushina da kwatancen gidanmu, ta ɗauki hoton shafin ta turo. Saura wata guda ɗaurin aure Rahama ta aiko mini da hoton, ta biyo shi da murya.

Ta ce, "Malam Hamisu, ka duba abin ga da kyau, sannan ka taho mu yi magana."

Na ce mata kada ta damu, yau ɗin nan zan kashe shi. Ban je ba. Kunya ta hana ni, kuma na ƙudura cewa ba zan taka Safo ba sai da shaidar mutuwarsa a hannuna.

A nan jinya ta fara. Na mayar da manhajar, ta ce in sa kalmar sirri, na sa duk wadda na taɓa sani har da sunan akuyar innata, ta ce a'a. Ta ce ba komai, za ta aika da lambobi shida zuwa layin da na buɗe shafin da shi. Layin kuwa tun lokacin da aka rufe iyaka na daina amfani da shi, yana cikin gwangwanin kusoshi a shago. Na tono shi, na hure shi, na hau kabu-kabu zuwa Ɗan Issa inda rezon Nijeriya, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, na tsaya a bakin hanya ina ɗaga salula sama kamar mai tallar ta. Shiru. Wani mai gyaran salula a kasuwa ya karɓa ya duba, ya ce wannan layin ai ya daɗe da barin hannuna, in an daɗe ba a taɓa layi ba sai a ba wani lambar. Wato ni da na ɓoye lambata don kada 'yan gari su sani, yanzu makullin sirrina yana aljihun wanda ban san ko wane ne ba.

Na rubuta wa masu manhajar. Cikin minti guda suka amsa da Turancin Ingilishi, ni kuwa ɗan Faransancin da na tsira da shi daga lakwal, makarantarmu ta boko, bai wuce na karanta takardar inji ba. Aka fassara mini, ashe cewa suka yi sun ji daɗin saƙona. Na sake rubutawa, suka sake jin daɗi. A karo na huɗu suka ce in ɗauki hotona riƙe da katin ɗan ƙasa kusa da kumatuna don su tabbatar ni ne. Jama'a, a duba wannan lamari. Don in karɓi katina daga hannunsu, sai da na ƙara ba su shi, wannan karon haɗe da fuskata. Bayan kwana shida suka ce ba su gamsu ni ne ni ba, in yi amfani da lambobi shida da za su tura wa layina.

Da na rasa yadda zan yi, sai na kira lambata da kaina. Wata dattijuwa ta ɗauka, ga hayaniyar kasuwa a bayanta. Na gaishe ta da ladabi, na ce wasu lambobi za su shigo mata, don Allah ta karanta mini.

Ta ce, "La'ilaha illallahu! Kai ne? Kai ne kullum ake aiko mani wai wance ta so hotona? Ni Kulu, da jikoki tara? To bari ka ji, ɗan nan, a rediyo an ce ko uwarka ta ce ka ba ta lamba kada ka ba ta. Ka ji tsoron Allah ka nemi sana'a."

Ta kashe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Da ni aka kira haka zan yi, har in ƙara da zagi. A duk cikin wannan labari Hajiya Kulu ce kaɗai ta san yadda ake riƙe sirri, kuma a kaina ta gwada. Na kira ta sau goma sha ɗaya cikin kwana tara. Na rantse, na yi magiya, na faɗi sunan kakana. A kira na bakwai ta sa jikarta ta yi mini ihu, a na tara ta ce ta kai ni ƙara wurin Allah. A na goma sha ɗaya ne, cikin faɗa, ta ce ita ba ta da lokacin ɓarayi, daddawarta na jiran ta a kasuwar Kankiya.

A cikin kwanakin nan Rahama ta kira ni sau biyu. Duk biyun na ce mata an kusa, ta ƙara haƙuri. Ta ce to.

Na kai kukana wurin Ilyasu direba, wanda ke kai wake Katsina duk mako, kuma babu garin da ba shi da suruki ko mai masauki. Kwana uku ya gano ta, ashe ƙanwar kakar matar wani abokin lodinsa ce. Ta aiko da sharaɗi: in zo da ƙafata, tare da mutumin da ya san ubana. Ni da Ilyasu muka tashi ranar Laraba a kan buhunan wake, muka kwana Katsina, da hantsin Alhamis muka yi sallama a ƙofarta. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo fura, sannan ta zauna ta yi mini binciken da ya fi na Ashiru tsanani. Ɗan wa, jikan wa, me ya hana ni aure har gemu ya fara fari, ita yarinyar 'yar wa ce, ina salla a kan lokaci. Ilyasu yana gefe yana ba da shaida. Da ta gamsu ta ce in tura abin.

Na tura, salularta ta yi ƙara, ta tashi neman tabarau. Kafin a same shi cikin kwandon kuka lambobin sun mutu, don minti biyar kawai suke rayuwa. Na sake turawa. Ta karanta uku na farko, sai maƙwabciya ta shigo, aka tsaya gaisuwa har da tambayar masu jego. Na ce Hajiya ko za ki miƙo mini in karanta da kaina, ta ce salularta ba ta shiga hannun namijin da ba muharraminta ba. A karo na uku ta karanta su duka shida, a hankali, tana tsayawa bayan kowace lamba ta dube ni.

Na zuba lambobin, ƙofar shafin ta buɗe, na ga marigayin ido da ido bayan wata goma sha ɗaya. Yana nan yadda na bar shi, har ya ƙara ƙiba da saƙonni. Bai miƙa wuya da sauƙi ba. Wurin kashe shi yana can ƙarƙashin wani wuri da ke ƙarƙashin wani wuri, da ƙananan haruffa masu launin toka. Ya tambaye ni ko na tabbata. Ya tambaye ni ko in bar shi ya ɗan yi barci kawai. Ya ce akwai mata bakwai kusa da ni da za su ji ba daɗi. Ya nemi dalili, na zaɓi "na samu mata", ya taya ni murna, ya sake tambaya ko na tabbata. Na danna da ƙarfin da ya kusa fasa gilashin. Ya ce "ƙilin", sau ɗaya, a hankali, allon ya yi fari. Hajiya Kulu ta ce Allah ya raba mu da wahala, ta ƙulla mini daddawa in kai wa amarya.

Marigayin ya rasu ya bar zuriya mai yawa. Ya bar hoton katina na ɗan ƙasa guda biyu a hannun mutanen da ban san garinsu ba, waɗanda suka rubuto cewa za su goge komai bayan kwana talatin, ban da abin da suka ga ya kamata su ajiye, kuma ba su faɗi ko mene ne ba. Ya bar hira arba'in da uku a salular mata arba'in da biyu da ƙato ɗaya. Ya bar hoton shafin da ƙanwar matar Ashiru ta ɗauka, wanda ya riga ya haihu a salular dangi daga Safo har Gabi, kuma babu lambobi shida da za su kashe shi. Ya bar wani ɗa a wata manhaja da ban taɓa jin sunanta ba, mai fuskata da hulata, amma shi injiniya ne a Abuja kuma sunansa ba nawa ba. Ya bar tallar zobe da ta kayan ɗaki da ke bi na duk inda na shiga. Sannan ya bar amsa guda ɗaya, daga cikin waɗanda na bayar ina cin gyaɗa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na isa Safo da farin allo a hannu da ƙullin daddawa. Rahama tana kan keken ɗinki a zaure, 'yan matanta suna cikin gida. Na nuna mata, ina jiran ta yi murna. Ta duba, ta ajiye almakashi, ta ɗauko tata salular ta buɗe hoton da ta turo mini tun farko, ta ja shi ƙasa, ta wuce fuskata, ta wuce kwatancen gida, ta tsaya. Sati uku hoton nan yana hannuna ban taɓa kai idona wurin ba. Tambayar ita ce ko zan auri mace mai 'ya'ya. Akwai "e", akwai "ya danganta", akwai "sam". Ni na zaɓi "sam".

Ta ce, "Ni matan da kunka yi hira da su ba su dame ni ba, tuzuru kake, mi za ka yi? Wanga na ce ka duba. Babbar ɗiyata ta iya karatu, Malam Hamisu, kuma hoton ga ya shiga salular kowa a gidan nan. Ta tambaye ni ko gidan kakarta za a bar su in na tare. Na ce ta bari ka zo ka ba ta amsa da bakinka. Sati ukku tana leƙen ƙofa. Kai kuwa ka tahi Nijeriya neman lamba."

Na ce wallahi tsohuwar magana ce, ban san ta ba a lokacin, ban ma tuna na danna ba. Ta ce ta yarda, kuma da na zo na faɗi haka a satin farko da ya wadatar. Ta ce ta riga ta gaya wa Yaya Ashiru ya maido da kaya, domin mutumin da ke gudun magana mai nauyi tun kafin aure, ba ta san inda zai gudu ba in ta shigo masa da 'ya'ya biyu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi daddawar ta ce a yi wa Hajiyar godiya, ta mayar da ƙafarta kan keke.

Na yi fushi da masu manhajar, na yi fushi da wanda ya ba da layina, na yi fushi da yarinyar Maraɗi, kuma har yanzu ban huce ba. Amma na zauna na lissafa, cikinsu babu wanda ya riƙe mini ƙafa ya hana ni zuwa Safo, tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Game da jana'iza: babu gawa, tana hannun masu manhajar sai bayan kwana talatin, in sun cika alkawari. Ba za a kai shi kusa da kaburburan waliyyan bakin tafki ba, bai kai nan ba. Abin da ya rage nasa a wurina shi ne mataccen layin nan, shi za a karya biyu a turbuɗe bayan shagona. Za a yi haka ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas na safe. Waɗanda ke da katin ɗaurin aure ba sai an aika musu da wata sanarwa ba, ranar ce, lokacin ne, wuri kawai ya canza. Goro da dabinon da aka tanada suna nan ba a taɓa ba, su za a raba, kowa ya zo ya ɗauki rabonsa kafin goron ya bushe.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar salularsu a aljihu, kada a ɗauki hoto. Wanda ke da hoton shafin a wurinsa, in yana ganin girman Allah, ya goge shi kafin ya zauna a tabarmata. Kada kowa ya kawo mini sunan wata manhaja, kuma kada kowa ya ce mini Allah ya kawo wata. Da an shafa fatiha zan bar muku tabarmar in kama hanyar Safo. Ba biko zan je ba, Rahama ta gama magana. Akwai yarinyar da ta yi tambaya ba a ba ta amsa ba, zan je in tsuguna in ba ta, ko da ba ta da sauran amfani.